Hawan Tsauni Mai Nisan Zango: Ilmin Madugu da Ilmin Likita

 

  

Maudu'in da aka ɗora mini shi ne tafiyar ƙasa ta kwana da kwanaki a bisa manyan tsaunuka, irin waɗanda tsawonsu ya kai inda iska take raguwa, har lafiyayyen mutum ya riƙa haki alhali yana zaune bai ɗauki kome ba. Na sani sarai akwai wanda tun da ya ji wannan take yake cewa a zuciyarsa, me ya haɗa kifi da kaska? Mu mutanen fili ne, masu gero da dawa, kuma wanda ya tashi daga nan ya bi ta Kurfi zuwa Katsina ba zai gamu da hawan da zai sa jaki ya tsaya ya huta ba. To, amma in mai wannan tambaya ya fita ƙofar zauren nan ya ɗaga kai, zai ga abin da garin nan na Dutsin-Ma ya ci sunansa, domin abin da muka ji daga bakin dattawa shi ne wani maharbi mai suna Ma ya zauna a dutsen nan tun gari bai zama gari ba, aka riƙa cewa za a je dutsin Ma, har sunan ya bi wurin. Abin da nake so in tabbatar a gabanku yau, in Allah ya yarda, shi ne rabin ilmin hawan tsauni yana hannunmu tun zamanin fatake, ɗaya rabin kuwa ba mu da shi, domin Ubangiji bai zaunar da mu inda za mu koye shi ba, kuma wannan rabin da ya ɓace mana shi ne mai kisa.

Magana ta farko, abin da muka gada. Duk wanda ya yi nazarin tarihin ƙasar Hausa zai ga cewa galibin tsofaffin garuruwanmu a gindin dutse aka haife su, Dala a Kano, Kufena da Turunku a Zazzau, Kwatarkwashi a Zamfara, domin dutse yana ba da mafaka ranar yaƙi, gindinsa kuma yana riƙe ruwa da ni'ima. Sai dai waɗannan duka hawan hantsi ne, mutum ya hau bayan karin kumallo ya sauko kafin azahar. Manyan tsaunukan da kakanninmu suka sani suna arewa, a ƙasar Azbin bayan Agadas, inda Gobirawa suke cewa daga can suka gangaro, inda kuma dutsen Bagzan ya kai mita 2,022, babu wanda ya fi shi tsawo a Jamhuriyar Nijar. Agalawan da suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja, waɗanda Alhassan Ɗantata ya fito daga cikinsu, su ma asalinsu Azbin ne. Wasu fataken kuma kudu maso gabas suka nufa, suka hau tudun Adamawa neman hauren giwa, kamar Madugu Mai Gashin Baki, wanda tafiya ta kai shi har birnin Balin na Jamus a 1884.

Me waɗannan mutane suka sani? Sun san ayari ba taron mutane ba ne kawai, yana da tsari kamar gari. Madugu uban tafiya shi ke da hukuncin tashi da sauka, jagaba yana gaba domin shi ya san hanya da mashaya, malamin ayari yana riƙe da lissafi da addu'a, kuma babu mai wuce jagaba kome ƙarfin ƙafarsa. Sun san a tashi da asuba a sauka zango tun rana ba ta yi zafi ba, sun san ba a auna tafiya da ingarman da ya fi sauri sai da jakin da ya fi rauni, sun san a lissafa ruwa kafin a lissafa riba. Na rantse muku, sa'ad da na zauna ina sauraron ja-goran tsauni a wata ƙasa mai nisa yana karanta mana dokokin tafiya, ban ji wani abu cikin rabin farko na jawabinsa ba wanda kakana, da ya yi fatauci da jakuna, bai taɓa faɗa mini a zaure ba.

Magana ta biyu ƙissa ce, kuma ta shafi mutanen Kurfi. Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Katsina a farkon 1851, ya kuma bi ta Kurfi a 1853 kan hanyarsa ta zuwa ƙasar Sakkwato, har ya siffanta ganuwar garin da duwatsunsa a littafinsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne saura ƙiris da bai iso ƙasar nan ba sam. A watan Yuli na 1850, ayarinsu yana kusa da garin Gat a kudancin Libiya ta yau, ya hango dutsen Idinen, wanda mutanen wurin suke ɗauka fadar aljannu ce, suka yi masa nasiha kada ya je, ya ƙi, ya bar ayari ya tafi shi kaɗai da ɗan ruwa kaɗan. Ya kai bisa a gajiye, ruwa ya ƙare, hanya ta ɓace masa wajen saukowa, ya kwana a fili, ƙishirwa ta tsananta har ya tsaga hannunsa ya tsotsi jinin kansa, kuma ba domin wani Buzu ya bi sawunsa ya tsince shi kashegari ba, da a can kwanansa ya ƙare. Ku lura, jama'a, Idinen bai kai tsawon da iska ke raguwa ba. Abin da ya kayar da wannan masani, mai harsuna da yawa, mai ƙarfin hali, shi ne ya karya doka ɗaya tak daga dokokin madugu, ya fita daga ayari. Shari'armu ma ta riga ta yi hani ga tafiyar kaɗaici cikin dare, ta kuma umurci matafiya ko su uku ne su naɗa ɗayansu amiri.

Magana ta uku, ita ce zan daɗe a kanta, domin nan ilmin madugu ya tsaya, na likita ya fara. Iskar da muke shaƙa tana da nauyi, ko da yake ba ma jinsa, kamar yadda kifi ba ya jin nauyin ruwa. A bakin teku dukan iskar da ke sama tana danne da ta ƙasa, saboda haka ta ƙasa take da kauri. Gwargwadon yadda mutum ya hau, gwargwadon yadda abin da ke bisansa yake raguwa, iskar ta sassauta. Kason oksijin da ke cikinta bai canja ba, kashi 21 ne cikin 100 a Dutsin-Ma, kashi 21 ne a ƙololuwar kowane tsauni, amma abin da numfashi ɗaya yake kwasowa ya ragu, kamar mai ɗibar fura da ludayi ɗaya, sai dai an tsinka furar da ruwa. A wajen mita 5,500 numfashi yana kawo rabin abin da yake kawowa a bakin teku, a bisa tsaunin Ebares kuwa, mai mita 8,849, wanda Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka fara takawa ran 29 ga Mayu, 1953, kusan sulusi ne kawai. Mu nan ƙasar Katsina muna zaune ne a wajen mita 500 ko fiye da haka kaɗan, ciwon tsauni kuwa galibi daga mita 2,500 yake farawa, watau ko Bagzan bai kai iyakarsa ba. Ina kakanninmu za su san shi? Duk da haka, almajirin da ya yi tadabburin Suratul An'am ya san an buga misalin ƙuncin ƙirji da halin mai hawa sama, kuma ban fahimci zurfin wannan misali ba sai da ƙirjina ya ɗanɗana.

Daga cikin hikimar Mahalicci, jiki yana iya sabawa, amma da sharaɗin a ba shi lokaci. Da farko numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara bugu, fitsari ya yawaita, sa'an nan bayan kwanaki da makonni jini ya ƙara jajayen ƙwayoyinsa masu ɗaukar oksijin. Wannan aiki ba a gaggauta shi da ƙarfin damtse ko da jarumta, domin ba da izinin mutum ake yin sa ba. Shi ya sa likitocin wannan fanni suka kafa ƙa'ida cewa in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu a yi kwanan hutu a zango ɗaya. Da rana mutum yana iya hawa sama da haka, muddin zai sauko ya kwana ƙasa, domin lissafin na wurin barci ne.

Wanda ya saɓa wannan ƙa'ida, ciwon yana zuwa masa a daraja uku. Mafi sauƙi shi ne ciwon kai, da tashin zuciya, da rashin barci, da ƙin abinci, kuma hukuncinsa a tsaya inda ake, kada a ƙara hawa sai ya wuce. Na biyu, ruwa ya taru a huhu, mutum yana haki ko a kwance, yana tari, wani lokaci kakinsa ya fito da kumfa mai ja-ja. Na uku, ƙwaƙwalwa ta kumbura, magana ta rikice, tafiya ta zama ta mai maye. Waɗannan biyu na ƙarshe suna iya kashe mutum cikin yini ɗaya, kuma babban maganinsu sauka, ko da tsakar dare ne, mita 500 zuwa 1,000, tare da ɗan rakiya. Akwai ƙwayar da ake kira Diamox, wadda take taimakon jiki ya saba da wuri, tana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu, amma likita ne zai rubuta ta, kuma ba ta halatta wa mutum gaggawa. Ku haɗa wannan da sanyi, domin kowane mita 1,000 yana rage zafi da wajen digiri 6 da rabi, har ranar da muke fama da digiri 40 a watan Afrilu, wanda yake bisa tsaunin da zan ambata yanzu yana ƙasa da mu da kusan digiri 35, da rana ke nan, balle dare.

Magana ta huɗu, abin da idona ya gani. A shekarun baya Allah ya nufe ni da hawan Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, mai mita 5,895, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Afirka, wanda sa'ad da wani mai wa'azin Kirista, Johannes Rebmann, ya ba da labari cewa ya ga ƙanƙara a kansa a 1848, masanan Turai suka ƙaryata shi, kuma ba a kai ƙololuwarsa ba sai 1889. Mu bakwai ne, muka tashi daga garin Moshi, muka bi hanyar Marangu, tafiyar kwana shida. Rana ta farko cikin kurmi mai laima da birai muka wuni, muka kwana a zangon Mandara, wajen mita 2,700. Ta biyu itatuwa suka gajarce suka koma ciyayi da ƙananan kurmi, muka sauka Horombo, wajen mita 3,700, gajimare yana ƙarƙashinmu kamar audugar da aka baza a tsakar gida. Ku duba lissafin da kanku, mita dubu a kwana ɗaya, ninkin abin da likitoci suka yarda, kuma wannan ne aibin hanyar, shi ya sa muka ƙara kwana a Horombo. Da zan sake, hanyar Lemosho mai kwana takwas zan bi, ko da ta fi tsada.

Ja-goranmu yana da kalma ɗaya ta Sawahili da ba ta barin bakinsa, pole pole, watau sannu-sannu, kuma yana tafiya kamar mai raka amarya, har ran mutum ya ɓaci. Cikinmu akwai wani saurayi, ƙaraminmu, ɗan ƙwallo, wanda ya fi mu duka lafiya, kullum shi ne farkon isa zango, ya dawo ya karɓi jakar dattijon da ke cikinmu, mutumin da ya ba sittin baya. Yaron kirki ne ƙwarai. A Horombo kansa ya fara ciwo, ya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, kamar yadda duk ɗan ƙasarmu zai ɗauka, ya sha magani a ɓoye, bai gaya wa kowa ba, domin yana jin kunya a ce tsoho yana lafiya shi yana kwance. Rana ta huɗu muka ratsa wani fili tsakanin ƙololuwar Mawenzi da ta Kibo, fako fetal babu ko tsiro, sai tsakuwa da iska, muka isa zangon Kibo, wajen mita 4,700, inda ruwa yake tafasa tun yana digiri 85 ko kusa da haka, shayi ya yi ta ɓararraka amma bai ƙona baki ba. Da magariba na ga saurayin nan zaune bakin gado, igiyar takalmi a hannunsa, ya daɗe yana dubanta, ya kasa ɗaurewa. Na kira ja-gora. Ya fito da shi waje, ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya ce ya bi layin yana ɗora diddige a kan yatsu. Taku uku ya yi ya karkace, na huɗu sai da aka tare shi. Ja-gora bai yi shawara da kowa ba, ya ce a sauka da shi yanzu. Yaron yana kuka yana cewa shekara biyu ya yi yana tara kuɗin tafiyar nan, saura dare ɗaya, a bar shi ya kwanta zai warware. Aka ɗora shi a gadon ƙarfe mai taya ɗaya, 'yan dako biyu da mataimakin ja-gora suka gangara da shi cikin duhu. Kashegari da muka sauko Horombo muka tarar da shi zaune a rana yana cin abinci, yana ba mutane labari. Da an bi roƙonsa an bar shi ya kwanta a Kibo, Allah kaɗai ya san ko da gawa za a sauko.

Mu da muka rage aka tashe mu kafin tsakar dare, kowa da tocila a goshi, muka fara hawan tsakuwa mai zamewa, ka taka biyu ka koma ɗaya. Ban taɓa sanin numfashi aiki ne ba sai daren nan, taku ɗaya numfashi biyu, wani lokaci uku, kuma babu abin da nake gani sai diddigen dattijon nan da ke gabana, wanda tun ranar farko bai taɓa barin bayan ja-gora ba. Ruwan gorata ya daskare. Alfijir ya keto muna bakin ramin tsaunin, wurin da ake kira Gilman, na cire safar hannu na buga tafina a kan dutse na yi taimama, sanyin dutsen ya ratsa ni har kafaɗa. Na juya gabas bisa al'ada, inda sama ta yi ja a bayan Mawenzi, sai wani ɗan dako Musulmi ya kama kafaɗata a hankali ya juya ni arewa, domin daga can Makka tana arewa ne, ɗan karkace gabas kaɗan. Ni da na tashi a ƙasar da in an ce wane yana duban gabas an san salla ake nufi, ranar nan na gane da jikina cewa alƙibla ɗaki ce, ba kusurwa ba. Bayan kamar sa'a biyu muka isa ƙololuwar Uhuru, ni da dattijon da wasu uku, domin ɗaya ya juya daga Gilman, kuma daidai ya yi. Ba mu fi minti goma sha biyar a can ba. Saukowa kuwa, wadda ba a cika ba da labarinta ba, ita ta cinye gwiwoyina, farcen manyan yatsuna biyu suka yi baƙi suka faɗi bayan na dawo gida, saboda takalmin ya matse ni a gaba.

Ba zan bar wannan babi ba sai na ambaci 'yan dako. Su suke ɗauke da abinci da ruwa da bargunan kowa, an ƙayyade musu kilo 20, suna wuce mu da kaya a ka, wasu da takalmin da ba zai hana sanyin hunturunmu ba balle na can. Hoto a ƙololuwa namu ne, wahala tasu ce. Jikokin 'yan alaro ne mu, bai dace a same mu da tauye haƙƙin mai ɗaukar kaya ba. Ku tambayi abin da ake biyansu kafin ku biya kowane kamfani.

Magana ta biyar gajera ce, amma ita ta fi shafarmu, kuma littattafan Turawa na hawan tsauni ba su cika tsayawa a kanta ba, domin ba matsalar jininsu ba ce. A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da iri ɗaya na sikila, abin da ake rubutawa AS, yana zaune lafiya bai ma sani ba. Ƙarancin oksijin da ƙarancin ruwa a jiki su ne suke lanƙwasa ƙwayar jinin, kuma an sha ganin mai AS ya hau tudu mai tsawo saifarsa ta toshe, ya ji ciwo mai tsanani a hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Da yawa suna hawa su sauko lafiya, amma wajibi ne mutum ya san jininsa, ya ga likita, ya kuma gaya wa ja-gora tun a gindi. Mai SS kuwa, ina roƙonsa da girman Allah, wannan tafiya ba tasa ba ce. Gwajin da muke yi kafin ɗaurin aure, shi ne dai za a yi kafin ɗaurin takalmi.

Magana ta shida, ina neman afuwar malamai in shiga gonarsu da taku ɗaya. Wani zai ce, shin wannan ba jefa kai cikin halaka ba ne, alhali an hana mu? Abin da na fahimta, kuma a gyara mini in na karkace, shi ne an kwaɗaitar da mu tafiya a bayan ƙasa domin duba da ɗaukar ibra, kuma tarihin addininmu cike yake da duwatsu, daga Ɗuri Sina zuwa kogon Hira, da kogon Saur inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwana uku tare da Sayyidina Abubakar. Alhazanmu da suka hau Jabalun Nur sun san ba wasa ba ne. Wanda ya yi tanadi, ya ɗauki masanin hanya, ya bi sabubban kariya, bai jefa kansa ba. Wanda ya jefa kansa shi ne wanda alamar ciwo ta bayyana gare shi, aka ce ya sauka, ya ƙi saboda kunya ko asarar kuɗi. A nan juyawa ta zama wajibi, domin kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya. Sauran kuwa shari'a ta yalwata. Ga kasaru ga wanda tafiyarsa ta kai baridi huɗu, watau mil 48, ga jam'in salloli, ga taimama saboda tsoron cutar sanyi, kamar yadda Amru ɗan Asi ya yi a yaƙin Zatus Salasil aka tabbatar masa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Muhtasar na Shaihu Halil, wanda malamanmu suke karantarwa a zaurukan Katsina shekaru aru-aru, ya lissafa ƙanƙara cikin abubuwan da ake taimama da su. Sun kiyaye mana wannan mas'ala daga baki zuwa baki cikin zafin bazara, ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, har ta iso ga wanda ya bukace ta. Allah ya saka musu da Aljanna. Shawarata kawai ita ce kada a sa tafiyar cikin Ramadan, domin jiki yana bukatar lita uku zuwa huɗu na ruwa kullum.

Magana ta bakwai, daga ina za a fara? Daga dutsen da ke bayan gida. Wanda ba ya iya hawan dutsen garin nan sau uku a jere da jaka a baya, kada ya sayi tikitin Tanzaniya. Daga nan sai duwatsun Shere na Jos, masu mita 1,829, sai tudun Mambila, sai Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, mai mita 2,419, mafi tsawo a Nijeriya, a Jihar Taraba, cikin gandun Gashaka-Gumti mai hedkwata a Serti. Tafiyarsa ta kwanaki ce ta gaske, da koguna da kwanan tanti, amma tsawonsa bai kai inda iska ke cutarwa ƙwarai ba, saboda haka makaranta ce mai kyau. Bayansa sai Dutsen Kamaru da ke bisa garin Buya, wanda ya ɗara mita 4,000. Takalmi a saye shi da ɗan fili a gaba, a yi wata biyu ana tafiya da shi. Tufafi a jera su sirara bisa sirara, kada na jiki ya zama na auduga, domin yana riƙe gumi ya koma sanyi. Guzurinmu na gida, dabino da dakuwa da ƙuli-ƙuli da zuma, ya fi kayan gwangwani, sai dai a rage kilishi saboda ƙishirwa. Ba na manta halin da ƙasarmu take ciki ba, musamman yamma da mu wajen dajin Rugu, Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, saboda haka kada ɗalibi ya nufi wani dutse a bayan gari sai da sanin mai gari da jami'an tsaro. Ina kuma roƙon malaman Jami'ar Tarayya ta garin nan, wadda aka kafa a 2011, da na Kwalejin Isa Kaita, su fitar da ɗalibansu su auna mana duwatsun Dutsin-Ma da na Kurfi, su rubuta sunayensu da ƙissoshinsu daga bakin tsofaffi tun suna raye.

Ya shugaban wannan zama, na ga an miƙo mini takarda, alamar lokaci ya yi.   Na ga akwai likitoci a sahun gaba, ina fatan za su taimake ni a kan abin da ya shafi jini da huhu. Mai tambaya ya ɗaga hannu, bismillah.